Firdaoussi da 'Yan Girka

Ga ta nan, ga ta nanku, na kan kujera da na kan darduma.

Ta zo mu ji ta, ko a jirgin ƙasa mai lamba D ta shigo.

To madalla. Wannan babu kura babu zomo a cikinta. A nan Bronx aka yi ta, wajen shekarar dubu biyu da goma sha huɗu, kuma mutanen cikinta irin waɗanda kuke gaisawa da su ne a hanya.

Akwai wani Malam Hamidou, mutumin Maradi, da ke zaune a wani bene a unguwar Mount Hope. Tebur gare shi a Fordham Road, yana sayar da huluna da jakunkuna da turare, in sanyi ya shigo ya ƙara da safar hannu. Matarsa Aïchatou aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Sai mahaifiyarsa, Hajiya Mariatu, wadda aka kawo daga Maradi don a yi mata aikin ido. Aka yi, ta ga gari tar, ta ce ai ba ta gama kallo ba, ta yi zamanta.

Ɗiyarsu kuwa Firdaoussi, a nan aka haife ta, kuma ita ce ta farko a duk danginsu da ta taka jami'a. Kun san irin yaranmu: Hausa tana shiga kunnenta sarai, amma in za ta fito sai ta rikiɗe ta zama Turanci. Tana shekara ta biyu a lokacin, shekarar da ake cewa yaro ya tsaya ya faɗi fannin da zai karanta. Ubanta kam ya riga ya faɗa mata nata tun tana firamare. Nas za ta zama, don a ganinsa duk Amurka babu mai aiki a hannu kamar nas. Ita kuwa yarinyar, in uwarta na gyaran nama a kicin, ɗaki take shigewa ta ja ƙofa. Ba ta dai taɓa cewa a'a ba.

Ta leƙa ƙungiyoyin ɗalibai iri-iri. Ta je ta masu muhawara, ta ce ihunsu ya yi yawa. Ta je ta masu ɗaukar hoto, ashe kowa da kyamararsa yake zuwa. Daga ƙarshe ta faɗa hannun wata ƙungiya ta 'yan mata zalla, irin wadda suke kira sororiti. Su waɗannan ƙungiyoyin, sunansu da haruffan mutanen ƙasar Girka suke rubuta shi, shi ya sa a makaranta ake ce wa 'yan cikinsu Girik. Ku riƙe wannan. Ku kuma riƙe cewa can gida akwai wata girka daban, wadda 'yan bori ke yi: a killace mutum a ɗaki, a yi ta kiɗa da hayaƙi har iskoki su hau kansa, mace guda tana riƙe da shi, ita ake kira uwar girka. Wanda aka yi wa ya zama nasu ke nan.

To a 'yan watannin nan Firdaoussi ta tashi da son koyon Hausa, ba wanda ya san dalili. Kullum tana bin kakarta da tambaya, mene ne wannan, yaya ake cewa wancan. Abin da ya gagara sai ta tambayi waya. Hajiya Mariatu kuwa daɗi kamar ya kashe ta.

Wata ranar Laraba da la'asar, Hajiya na yanka kuɓewa a falo, Firdaoussi na goge wata doguwar farar riga.

"Ke ƙawata," in ji Hajiya, "wannan farin kaya fa? Hajji za ki ba ki gaya mini ba?"

Firdaoussi ta yi dariya, ta ajiye dutsen guga, ta ɗauki waya ta danna. Ta rubuta Girik, waya ta ba ta Girka. Ta gyara murya, tana jin yau za ta burge tsohuwa.

"Kaka, ran Asabar za a sa ni cikin 'yan Girka."

Wuƙa ta tsaya a hannun Hajiya. "Cikin su wa?"

"'Yan Girka. A makaranta. Mu duka za mu sa fari, a kunna kyandir, a rufe ƙofa."

"A ruhe ƙohwa," in ji Hajiya a hankali. "Da kiɗi?"

"Sosai! Da rawa. Muna buga ƙafa a ƙasa, haka." Ta buga mata ƙafa, ta tafa, ta jujjuya kai har kallabinta ya zame.

Hajiya ta ja baya da kujerarta. "Suna ba da sabon suna?"

"Kaka! Yaya kika sani? Za a ba ni, amma ban san shi ba tukuna."

"Akwai mace guda da ke riƙe da ke?"

"Akwai. Akua. Ita ce kamar... kamar mama ta a ciki."

"Uwar girka."

"Yawwa, uwar Girka!" Firdaoussi ta maimaita, tana murna ta samu sabuwar kalma. "Akua ce uwar Girka ta."

"In an ruhe ƙohwar, mi ake yi?"

"Ba a faɗa, Kaka. Sirri ne."

Hajiya Mariatu ta ajiye wuƙar. Ta tashi ta bar kuɓewar a nan, ta shiga ɗaki. Kada ku yi mata dariya da yawa, don tsoronta yana da tushe. Tana da ƙanwa, Rafia, wadda suka tashi kan tabarma ɗaya a wani ƙauye kusa da Tibiri. Ciwo ya kama Rafia tana budurwa, aka rasa magani, aka kai ta girka. Ta warke, amma ba ta ƙara zama tasu ba. Duk inda aka buga garaya can take, har ta rasu a wani gari ba kowa nata kusa.

Da Malam Hamidou ya dawo bayan magariba, ko takalmi bai cire ba uwarsa ta ja shi ɗaki. Ya fito fuskarsa kamar an shafa toka.

"Firdaoussi! Gaskiya ne abin da Inna ta ce? Girka za a yi miki?"

"E, Baba, ran Asabar. Ba wani abu ba ne, sororiti ce kawai."

Shi kuwa kunnensa na mutumin Nijar ne, Faransanci ya fi kusa da shi. Abin da ya ji shi ne sorseleri, wato sihiri.

"Kun ji ko! Da bakinta!" Ya dafe kai. "Na baro Maradi, na ƙetare teku, ina tsaye cikin ƙanƙara ina sayar da hula don ki yi lakwal ki samu ilimin boko, ashe bori na biyo ni har New York!"

Firdaoussi ta shiga bayani da Turanci, sauri-sauri kamar jirgi, tana kuka. Duk jimla sai Girik ta fito a ciki, duk fitowarta sai Hajiya ta ce a'uzubillahi. Aïchatou ta so ta sa baki, mijin ya ɗaga mata hannu.

"Magana ta ƙare. Daga yau babu lakwal. Litinin ki biyo ni tebur, in rani ya yi in kai ki Maradi a yi miki rubutu ki sha."

Haka aka yi Alhamis da Jumma'a, gida kamar an yi rasuwa. An karɓe wayar Firdaoussi. Ita ta rasa laifin da ta yi, su kuma ba mai son ya ambaci sunan abin a cikin gida balle ya yi mata bayani. In ta yi gardama, sai Hajiya ta girgiza kai ta ce ba ita ke magana ba.

Amma Hajiya Mariatu ba macen da za ta zauna ta naɗe hannu ba ce. Ran Jumma'a ta sami ɗanta ta ce masa, "Hana ta lakwal ba shi raba ta da su. In sun sa ido ga mutum, har tebur ɗinka za su biyo ta. Uwar girka ake samu, a gaishe ta, a ce mata ta saki. Gobe ni za ni."

"Inna, ke kaɗai?"

"Da Indo, da yarinyar ta nuna muna hanya." Indo take kiran Aïchatou.

Ta sa aka sayo goro da dabino da turare. Ta kuma ce sai an nemo jan zakara. Aïchatou ta ce, "Haba Inna, ke da kika je Makka? Ai wannan shirka ce."

"Ba iskokin zan ba, ke kuma. Matar zan ba. Ba a zuwa wurin irinsu hannu sake, raini ne."

Suka je inda ake sayar da kaji masu rai. Mai wurin ya ce shi ba ya barin kaza ta fita da ƙafarta, sai dai a yanka. Hajiya ta yi ta faɗa da Hausa, shi yana amsawa da Sifaniyanci, daga ƙarshe Musulmin da ke yanka a wurin ya yanka. Da suka zo gida ta dubi zakaran nan ta ce tunda ya riga ya mutu, ba a kai wa mutane ɗanyen nama. Ta soya shi da yaji da tafarnuwa.

Ran Asabar bayan azahar suka kama hanya. Hajiya ta ce Firdaoussi ta sa farar rigar, don su gani da idonsu cewa a bakin ƙofa aka ƙwace ta. Tun daga titin Grand Concourse har cikin jirgi bakin tsohuwa bai huta da Ayatul Kursiyyu ba, kwanon kaza a kan cinyarta, ƙamshi ya cika taragon har wani saurayi ya tambayi ko sayarwa take.

A ginin ɗalibai suka hau sama. Ga 'yan mata cikin fararen kaya suna kai da kawowa a bakin wani ɗaki. Wata doguwa baƙa mai gajeren gashi ta hango Firdaoussi, ta rugo ta rungume ta tana tambayar ina ta shige, waya ba ta shiga. Ita ce Akua. 'Yar Ghana ce, Kirista, amma a Kumasi ta tashi dab da zangon Hausawa, don haka tana jin Hausa irin tasu ta can, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Da ta ga tsohuwa sai ta rusuna, ta kira ta Nana, yadda suke ce wa kaka a can.

"Sannu da zuwa, Nana. Ka zo lafiya?"

Hajiya ta waiwaya ta ga wane namiji ake gaisarwa. Ba kowa. Ta dawo da kallonta, ta ƙare wa yarinyar kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce uwar girkar?"

Akua ta dubi Firdaoussi, Firdaoussi ta gyaɗa mata kai.

"Ni ne, Nana! Ni ne maman shi a nan."

"Ƙarama da ke. Tun yaushe suka kama ki?"

"Tun shekara na ta farko. Ba su kama ni ba, ni ne na nema."

"Da kanki!" Hajiya ta riƙe haɓa. "To wane ne bisa kanki?"

"Bisa kaina? Shugaba. Yana ciki yana gyara kyandir. In kira shi?"

"Kar ki kira shi!" Hajiya ta ɗaga tasbaha. Ta sassauta murya, ta nuna ɗakin da baki. "Iska na ciki yanzu?"

"Akwai iska paa. Tun safe muka kunna shi. In ya yi maka yawa sai a rage."

Hajiya ta sauke tasbaha. Duk zamanta a duniya ba ta taɓa jin wannan ba. "Ana rage shi?"

"Da rimot, Nana."

Nan ne Aïchatou ta ji wani abu ya faɗo mata. Ta leƙa ɗakin. Ba garaya, ba ƙwarya, ba kasko. Kujeru ne a jere, da na'urar sanyaya ɗaki tana huci a taga, da wani ƙyalle a bango mai manyan haruffa uku da ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta tattaro Turancinta na wurin aiki ta tambayi Akua rubutun mene ne wancan, kuma mene ne Girik ɗin nan da ɗiyarta ke ta faɗa. Akua ta ciro waya ta buɗe taswira, ta nuna mata wata ƙasa a bakin teku kusa da Turkiyya.

Aïchatou ta ƙura ido. Sai ta saki salati.

"La Grèce! Inna, ƙasa ce! Gires, inda ɗan Habibou na garinmu ya sauka da kwalekwale bara!"

Kun ga inda aka samu matsala. Su mutanen Nijar da sunan Faransanci suka san ƙasar. Girka ta rediyon Najeriya ce da ta cikin waya, ba ta taɓa shiga gidansu da wannan ma'anar ba.

Aïchatou ta zauna a kan benci tana dariya tana share hawaye. Cikin dariyar ta yi wa ɗiyarta bayanin girkar da kakarta ta sani. Firdaoussi ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta fassara wa Akua, Akua ta fassara wa sauran, kafin ka ce me duk barandar ta kaure, wata har da durƙushewa tana riƙe ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

"In kun gama," in ji Hajiya Mariatu, "ina da magana." "Na ji ƙasa ce. To amma hwarin kaya, da uwa, da sabon suna, da ruhe ƙohwa, ni ban ƙirƙiro su ba. In babu iskoki, mi kuke ɓoyo?"

Akua ta daina dariya. Ta ja kujera ta ba tsohuwa, ita ta tsuguna a gabanta.

"Nana, abin da muke faɗa a ciki na yi alkawari ba zan faɗa a waje ba. Amma zan gaya maka abin da babu. Ba a durƙusa ma kowa. Ba a rantsuwa da wani abu. Ba a sha komai, ba a taɓa jikin kowa. Ga Fauzia can mai hijabi, ka tambaye shi, ɗan liman ne."

Fauzia ta matso ta gaida Hajiya, ta ce haka ne, in lokacin salla ya yi ma jiranta suke.

Hajiya ta ja tasbaharta. Can ta ce, "A garinmu ba a shiga girka sai da ciwo. Lahiyayye ba shi zuwa. Ciwon mi ke ga jikata da ta zo wurinku?"

Akua ta dubi Firdaoussi kamar mai neman izini. Firdaoussi ta sunkuyar da kai.

"A matakala na same shi, Nana. Can baya, inda ba mai bi. Kullum nan yake cin abincin rana shi kaɗai. Shekara guda cur bai da aboki ko ɗaya a makarantar nan. Na zauna kusa da shi na ce ya ba ni shinkafa."

Aïchatou ta daina share hawayen dariya. Ita ke zuba shinkafar nan a roba kowace safiya, ba ta taɓa tambayar da wa ake ci ba.

Daga nan Firdaoussi ta karɓi maganar da kanta, da Hausarta mai ɗingishi, ba ta nemi waya ba. Ta ce ƙungiyar tasu na zuwa wani gidan tsofaffi a Grand Concourse duk Lahadi. A can akwai wani Malam Saani, tsohon direban tasi daga Tamale, wanda shanyewar jiki ta kama. Turancinsa duk ya gudu, sai 'yar Hausa ta rage, ita ma da ƙyar. Matar da ke koya masa magana ba ta jin Hausa, sai ta roƙi Firdaoussi ta riƙa zama da su.

"Shi ya sa nake tambayarki kalmomi, Kaka. Don shi ne." "Kuma ba na son nas. Ina son aikin matar nan. Akwai karatun shi a nan. A koya ma mutane magana, waɗanda magana ta gudu musu."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta buɗe kwano, ta miƙa wa Akua da hannu biyu, ta ɗora goro da dabino a kai.

"Na zo in ce ki saki. Yanzu cewa nake ki riƙe da kyau. Allah shi saka miki, ɗiyata, Allah shi ba ki mai zama kusa da ke ranar da kike ke kaɗai. Amma ki bar ce mini ka, ni mace ce."

"To Nana, na gode maka."

Aka shiga da Firdaoussi, aka rufe ƙofa. Hajiya ta ja kujerarta ta tokare bakin ƙofar, ta ce in ta ji garaya za ta ɓalle ta. Ba ta ji ba. Waƙa ta ji a hankali, sai tafi. Da aka buɗe, zakaran nan bai yi minti nawa ba ya zama ƙashi.

Sai dai maganar Litinin tana nan, don wanda ya yanke ta yana Fordham Road. Can suka nufa. Malam Hamidou na tsaye yana ciniki da wata mata a kan jaka, ya hango ɗiyarsa cikin fararen kaya tana murmushi, jakar ta faɗi daga hannunsa. Aïchatou ta yi masa bayani. Ya ce Gires? Ta ce Gires. Maƙwabcinsa mai sayar da agogo, wanda ya ji komai, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kunya ta kama Malam Hamidou, kunyar kuma ta koma fushi.

"Ko ma mine ne, na ce kar ta shiga, ta shiga."

"Ni na ce ta shiga," in ji Hajiya. "Ni kuwa na haihe ka."

"To Inna. Amma nas fa? Yau an ce mini ba bori ba ne, kuma an ce mini ba nas ba ce. Koya ma mutum magana aiki ne? Wa bai iya magana ba? In ba nas za ta yi ba, tebur na nan."

"Ni na tahi na gani da idona kahin in yanke. Kai ma gobe ka tahi ka gani."

Ba ya iya yi wa uwarsa musu a gaban mutane. Ran Lahadi da hantsi ya sa babbar riga ya bi ɗiyarsa, yana tafe yana gunaguni a kan cinikin da yake asara.

Suka tarar da Malam Saani a keken guragu kusa da taga, babban mutum mai furfura, gefen bakinsa ɗaya ya saki. Da ya ga Firdaoussi idonsa ya yi haske. Malam Hamidou ya miƙa masa hannu.

"Salamu alaikum, Baba. Ina gajiya?"

Bakin tsohon ya fara motsi. "B... b..."

"Ba gajiya, ba gajiya," Malam Hamidou ya ƙarasa masa da sauri, irin na mai tausayi. "Ina gida? Lahiya lau. To madalla."

Tsohon ya kawar da kai ya dubi taga.

"Baba," in ji Firdaoussi a hankali, "kar ka ƙarasa masa. Kowa haka yake masa. Ka sake tambaya, ka jira."

Ba ta taɓa gyara wa ubanta magana ba sai ranar. Ya dube ta, ya dubi tsohon. Ya ja kujera ya zauna.

"Baba, ina gajiya?"

Firdaoussi ta tsuguna inda tsohon zai ga bakinta. Ta haɗa leɓɓanta ta nuna masa, ba ta fitar da sauti ba. Ta riƙe hannunsa mai lafiya tana bubbuga shi a hankali a kan gwiwarsa, kamar mai ba da kiɗa. Malam Hamidou, mutumin da ke sallamar masu ciniki uku a numfashi ɗaya, ya zauna yana jira. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba... ga... jiya."

Ya huta. Bai saki hannun yarinyar ba. Ya ɗago ido ya dubi Malam Hamidou, bakinsa ya sake kamawa, kuma wannan karon ba wanda ya nuna masa komai.

"Ɗi... yar... ka?"

"Ɗiyata ce," in ji Malam Hamidou.

"Na... go... de."

Malam Hamidou ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a can, ya daɗe yana dubawa. Suka kama hanyar gida har suka kai ƙofar bene. Nan ya sa hannu a aljihu ya ciro wayarta ya miƙa mata.

"Karatun nan, mi sunanshi?"

Ta faɗa masa da Turanci. Ya gwada, harshensa ya harɗe.

"To, shi ɗin. Gobe ki tashi da wuri kar ki makara lakwal. Kuma in za ki hwaɗi wani abu da Hausa, ki tambayi uwarki kahin ki tambayi wannan abin."

Firdaoussi ta koma makaranta ran Litinin, ta zaɓi fannin gyaran magana, ta gama, ta ƙara digiri na biyu, yanzu tana aiki a wani asibiti a nan Bronx, kuma in an kawo mai jin Hausa ita ake kira. Akua ta zama lauya, ta yi aure a New Jersey, duk Salla tana zuwa Mount Hope cin tuwo. Malam Saani ya rayu shekara biyu bayan haka, ya kai yana kiran 'ya'yansa a waya su fahimce shi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Aïchatou tana nan tana aikinta. Malam Hamidou ya bar tebur ya kama ɗan shago. Hajiya Mariatu ta koma Maradi bayan bikin gama karatun jikarta, tana can da ranta da lafiyarta.